Abin Da Ruwa Bai Iya Ci Ba: Yadda Muke Adana Takardu Da Hotunan Iyali

A daren Litinin wayewar garin Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan Kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, ta ɓalle. Ruwa ya shanye Fori da Galtimari da Gwange da Bulabulin, ya shiga babbar kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, har gidan namun daji na Sanda Kyarimi bai tsira ba. Hukumomin agaji sun ƙiyasta cewa kimanin mutum 400,000 ne suka rasa matsuguni. Dattawa suka ce rabon da su ga irin wannan ambaliya tun 1994, shekara 30 ke nan cif.

An yi magana mai yawa a kan rayukan da aka rasa da gidajen da suka rushe da abincin da ya lalace, kuma sun cancanci a yi maganarsu. Sai dai akwai wata asarar da ba ta fito fili ba sai da ruwa ya janye, mutane suka koma suna tona laka a ɗakunansu. A nan ne aka riƙa ciro adaka cike da takardun da suka zama kunu: satifiket na makaranta, takardar fili, katin asibiti, katin rigakafin yara, littafin bashi na ɗan kasuwa, hotunan aure da na suna. Wayoyi da kwamfutocin da ake ganin sun fi takarda tsaro, su ma sun kwana a ƙarƙashin ruwa. Katifa da tukunya, in Allah Ya hore, ana sake saye. Hoton mahaifiyar da ta rasu, wanda shi kaɗai ya rage a duniya, ba a kasuwar da ake sayar da shi.

Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare a nan Yerwa, kuma unguwarmu tana cikin waɗanda ruwan bai kai ba. Don haka gidana ya zama masaukin 'yan uwa na tsawon makonni. Abin da na gani a wannan zama shi ya sa na rubuta wannan.

Farar ƙwaya da safe, mai ruwan ɗorawa da dare

Yayata ta iso daga Gwange da mijinta da yara biyar, da kayan jikinsu kaɗai. Mijin nata yana fama da hawan jini da ciwon suga fiye da shekara goma. Magungunansa da katinsa na asibiti duk sun tafi. Washegari na ce zan je in sayo masa magani, na tambaye shi sunayensu. Ya ce, "Wallahi Malam, ni dai na san fara ƙarama da safe, sai mai ruwan ɗorawa da dare, da wata doguwa bayan cin abinci." Yaya ma iyakar saninta ke nan. Ga asibitin da yake zuwa ruwa ya shiga, ba maganar ganin likitansa a wannan makon. Kuma duk wanda ya san hawan jini ya san ba ciwon da za a yi wa canki-canka ba ne, ba kuma wanda za a daina shan maganinsa rana tsaka ba.

Muna cikin wannan jimami sai babbar 'yarsu ta ce, "Kawu, ai na taɓa ɗaukar hoton takardar maganin Baba na tura wa Yaya a Kano ta WhatsApp, lokacin da aka ce ya fi araha a can." Wayarta ta jiƙe ta mutu, amma ta ɗan'uwan nata tana Kano lafiya lau. Kafin a yi sallar azahar hoton ya shigo wayata, da sunayen magungunan da adadin da ake sha. Na kai wa wani ma'aikacin lafiya ya duba, ya auna jinin Alhaji, aka ci gaba da magani ba tare da tsaiko ba.

Yarinyar nan ba da niyyar ajiya ta tura hoton ba. Amma abin da ta yi shi ne ainihin abin da masana kwamfuta suke ta wa'azi a kai: kwafi na biyu, a hannu na biyu, a gari na biyu.

A gefe guda kuma akwai wani maƙwabcinsu, ɗalibin digiri na biyu, wanda ya kusa kammala kundin bincikensa. Shi mai hankali ne, yana kwafe aikinsa a filashi duk mako. Sai dai filashin yana aljihun jakar da laftof ɗin take ciki, jakar kuma tana ƙarƙashin gado. Ruwan da ya ci ɗaya shi ya ci ɗayan. Babi biyu kawai ya samu, waɗanda ya taɓa tura wa malaminsa ta imel.

Tsohuwar dabarar mutanen Borno

Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar nan. Birnin Ngazargamu, hedikwatar daular Borno ta ƙarnoni, ya faɗi a 1808. Kukawa kuma Rabeh ya rushe ta a 1893. Duk da haka, har yau ana karanta tarihin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma da limaminsa Ahmad bin Furtu ya rubuta a shekarun 1570. Dalili shi ne malamai sun yi ta kwafar littafin da hannu, kuma a shekarun 1850 Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya samu kwafi a Kukawa, aka kai Turai. Haka nan takardun mahram, waɗanda sarakunan Borno suke bai wa gidajen malamai don tabbatar musu da wasu haƙƙoƙi, zuri'a bayan zuri'a ake sake rubuta su in takardar ta tsufa. Kakanninmu sun gane cewa takarda ɗaya tilo amanar Allah ce kawai, amma wadda aka kwafa aka rarraba tana da wuyar ɓacewa.

Masana na zamani sun taƙaita wannan a wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa. Ma'anarta: duk abin da yake da muhimmanci a gare ka, ka mallaki kwafinsa 3, a kan na'urori iri 2 daban-daban, kuma 1 daga ciki ya kasance a wani wuri nesa da gidanka. Ni a aji nakan kira shi kwafin ko-ta-kwana.

Ga mazaunin Maiduguri, kowane ɓangare na ƙa'idar yana da tarihinsa. Me ya sa sai an kai ɗaya nesa? Saboda gobarar da ta cinye kasuwar Monday a watan Fabrairun 2023 da ambaliyar 2024 sun nuna cewa musiba takan haɗa unguwa guda ta tafi da ita. Me ya sa ba za a dogara da intanet kaɗai ba? Saboda mun ga watan Mayun 2013, lokacin da aka katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa bayan kafa dokar ta-ɓaci, muka yi watanni ba kira ba saƙo. Mun kuma ga 2021, lokacin da aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, garin ya yi watanni masu yawa cikin duhu. Wanda duk ajiyarsa take intanet, a irin wannan rana yana da ita kuma ba shi da ita. Saboda haka ɗaya a hannu, ɗaya a intanet, ɗaya a wani gari.

Da me za a fara?

Yawancin mutane sukan karaya ne saboda suna tunanin sai sun kwashe duk abin da ke wayarsu. Ba haka ba ne. Bidiyon barkwanci da wa'azin da aka turo a zaure da waƙoƙi duk ana sake samunsu. Abin da ba a sake samu shi ne na farko, kuma bai da yawa.

A gidana mun kasa shi kashi huɗu, kowane kashi da foldarsa. Na farko lafiya: takardar maganin duk mai ciwon da ake ɗaukar lokaci ana jinya, kamar hawan jini da suga da sikila da farfaɗiya da asma, da hoton kwalin maganin ta yadda suna da ƙarfinsa za su fito, da sakamakon gwaje-gwaje, da rukunin jini da jinotayif na kowa, da katin awon ciki, da katin rigakafin kowane yaro. Wannan katin na ƙarshe iyaye mata sun san darajarsa: in ya ɓace, ma'aikaciyar lafiya ba ta da tabbacin allurar da aka yi wa yaro da wadda ta rage. Duk lokacin da aka yi sabuwar allura ko likita ya canja magani, a sake ɗaukar hoto a ranar.

Na biyu shaidar kai da karatu: takardar haihuwa, lambar NIN, fasfo, takardar shaidar ƙaramar hukuma, satifiket daga firamare har zuwa na bautar ƙasa, takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma da ta fansho. Na uku dukiya: takardar fili da ta gida, yarjejeniyar ciniki da ta haya, takardun mota ko Keke Napep, takardar rabon gado, da littafin bashi, wanda ake binka da wanda kake bi. Na huɗu shi ne hotuna da muryoyin iyali.

Kashi ukun farko, in an haɗa su duka, da wuya su cika ko gigabait ɗaya. Ba a buƙatar injin sikanin. Manhajar Google Drive da ke zuwa a yawancin wayoyin Android tana da wurin ɗaukar takarda da kyamara ta mayar da ita PDF, ta gyara gefe-gefen. Adobe Scan ma tana yin haka. A shimfiɗa takardar a wuri mai haske, a ɗauki gaba da baya, a tabbatar lambobi da hatimi suna karantuwa. Sannan a ba fayil ɗin suna mai ma'ana, kamar "katin rigakafin auta 2025", domin hoton da ya nutse a cikin dubban hotuna kusan ɗaya yake da wanda ya ɓace.

Kada a ɗauka hoton takarda zai maye gurbin ta asali. Ba zai maye ba. Wanda satifiket ɗinsa ya lalace sai ya bi ta rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu, sannan ya koma hukumar da ta ba shi. Amma bambancin mai hoto da marar hoto a wannan layi babba ne, domin abin da za a fara tambaya shi ne lamba da shekara. Hukumar WAEC, alal misali, tun 2022 ta buɗe hanyar samun satifiket ta intanet ga waɗanda suka yi jarrabawa daga 1999 zuwa yanzu, amma lambar jarrabawarka ce mabuɗi. Haka wanda zai je hukumar BOGIS a kan maganar fili, in yana riƙe da lambar fayil ɗinsa ya rage wa kansa zirga-zirga.

Wace manhaja za a zaɓa?

Tambayar da aka fi yi mini ke nan, kuma amsata takan ba mutane mamaki: wadda ta fi ita ce wadda take aiki da kanta ba tare da ka tuna ba. Ajiyar da sai mutum ya tuna ya zauna ya yi, mako biyu take yi ta mutu.

Ga mai wayar Android, asusun Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Google Photos suke rabawa. Mai iPhone yana da gigabait 5 a iCloud, OneDrive na Microsoft ma 5 ne, Dropbox kuma 2. Abubuwa biyu ya kamata a sani game da Google. Tun 1 ga Yunin 2021 aka daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka, kowane sabon hoto yana cin wuri a cikin 15 ɗin nan. Daga 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta masu Android ita ma ta shiga lissafi. In wurin ya cika, ajiya takan tsaya shiru, har imel ma ya daina shigowa, mai waya yana can yana ganin komai lafiya. Maganinsa shi ne a cire bidiyo daga ajiyar WhatsApp, a hana Google Photos kwashe foldar da saƙonnin zaure suke zuba, a riƙa leƙa awon wurin lokaci-lokaci. Saboda tsadar data, a saita ajiyar ta yi aiki ne in an samu waifai, ko a yi ta da dare da datar dare mai rangwame.

Ga mai kwamfuta, Windows tana da File History a cikinta, Mac kuma tana da Time Machine. Dukansu kyauta ne, kuma aikinsu ɗaya: ka jona faifan ajiya na waje, su riƙa kwafe fayilolinka da kansu, suna kuma riƙe tsofaffin kwafi, ta yadda in ka ɓata wani rubutu yau za ka iya komawa yadda yake jiya. Wanda yake son ya ga abin da ake kwafa da idonsa yana iya amfani da FreeFileSync, ita ma kyauta ce: tana kwatanta folda biyu ta kwafe abin da ya canja kawai. A guji manhajojin sata da ake sayarwa a faifai ko ake saukewa daga shafukan da ba a sani ba, ta nan bairos ya fi shigowa.

Wanda ba shi da kwamfuta kuma bai rasa hanya ba. Akwai ƙaramar igiya ko filashi mai baki biyu da ake kira OTG, wanda ake jonawa kai tsaye a jikin waya a kwashe folda cikin mintuna.

Ramukan da ake faɗawa

Na farko shi ne ɗaukar madubi a matsayin rumbu. Manhajoji irin su Google Photos da iCloud da OneDrive suna daidaita abin da ke na'ura da abin da ke intanet. In yaro ya ɗauki waya ya goge hotuna daga cikin manhajar, sun gogu a can ma. Akwai kwandon shara da ke riƙe su na ɗan lokaci, a Google Drive kwana 30 ne, bayan nan shi ke nan. Shi ya sa ake buƙatar kwafin da ba ya jone da komai. Wannan kwafin ne kuma yake tsira daga bairos mai garkuwa da fayiloli, irin WannaCry da ya gurgunta asibitoci da dama a Ingila a watan Mayun 2017. Irin wannan bairos yana kulle duk faifan da ya tarar a jone. Don haka in an gama kwafa, a zare faifan a ajiye.

Na biyu shi ne mabuɗi. Bayan ambaliya mutane da yawa sun zo mini da sabuwar waya suna murna cewa ai komai nasu yana Google, amma ba su san kalmar sirrinsu ba, wasu ko adireshin imel ɗin ba su sani ba, domin yaron shagon waya ne ya buɗe musu ranar da suka saya. Lambar da za a turo musu don tantancewa kuma tana zuwa ne a layin da ya tafi da tsohuwar waya, wani layin ma da sunan wani aka yi masa rajista. Rumbu cike da hatsi, ba mabuɗi. Kowa ya tabbatar ya san imel ɗinsa da kalmar sirrinsa, layinsa yana da rajista da NIN ɗinsa don a iya dawo masa da shi, ya kuma saka lambar waya ta biyu ta wani amintacce. Google yana ba da lambobin gaggawa guda 10 da ake shiga da su in babu waya, a rubuta su a takarda a kai inda kwafin nesa yake. Mai son dawo da hirarsa ta WhatsApp shi ma sai da tsohuwar lambarsa da asusun da aka yi ajiyar a ciki. Sannan a sani cewa tun Disamban 2023 Google yana iya goge asusun da aka shekara 2 ba a shiga ba.

Na uku shi ne jabun filashi da memori. Araha ba ta ado. Akwai wanda za a rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, ya yi ta karɓar fayiloli yana nuna sunayensu, sai ranar buƙata a tarar ba sa buɗuwa. Wata ƙaramar manhaja mai suna H2testw tana cika filashi da bayanai ta sake karantawa, ta faɗi ainihin girmansa. A gwada kafin a ba shi amana. Ko na gaske ne ma, zafin Maiduguri da ke haura digiri 40 a watan Afrilu da ƙurar hunturu ba sa raga wa na'ura. Filashin da aka jefa a durowa aka manta shekara da shekaru yana iya zubar da abin da ke cikinsa, faifai mai juyawa kuma faɗuwa ɗaya takan kashe shi. Kada a bar su a mota ko kusa da taga, a sa su a leda mai zif, a ɗora a sama, a riƙa jona su ana dubawa.

Na huɗu shi ne sirri, kuma a wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Foldar da ke ɗauke da NIN da takardar fili da sakamakon asibiti da hotunan matan gida ba abin da za a bari a kwamfutar shagon buga takardu ba ne, ko a miƙa wa mai gyaran waya a tafi kasuwa. Manhajar 7-Zip tana dunƙule folda ta kulle ta da kalmar sirri, ta yadda ko filashin ya faɗa hannun wani ba zai ga komai ba. WhatsApp ma tun 2021 yana ba da damar kulle ajiyarsa da kalmar sirri, sai dai in an manta ta, kamfanin kansa ba zai iya buɗewa ba. Kafin a kai waya gyara a cire memori da layi. Kuma ba a tura takardun shaida a zauren dangi mai mutum hamsin, a tura wa mutum ɗaya da aka yarda da shi, a matsayin fayil, domin in an tura a matsayin hoto WhatsApp yana rage ingancinsa har ƙananan rubutu su dushe.

Wa ya sani bayan kai?

Akwai maganar da ba ma son yi, amma rikicin shekarun nan ya koya wa mutanen Borno ita da ƙarfi. Magidanci yakan fita da safe bai dawo ba. Sau nawa muka ga an yi rasuwa, magada suna riƙe da waya a kulle, sun san akwai bashin da ake bin marigayi da wanda yake bi, akwai filin da ya saya, amma ba hanyar shiga? Marayu sukan rasa haƙƙinsu ta nan, mamacin kuma ya kwanta da nauyin mutane.

A gidana, maiɗakina ta san inda komai yake da yadda ake buɗewa. Ƙanena da ke Kano yana riƙe da filashi a kulle, da ambulan a like mai ɗauke da mabuɗan, kuma duk lokacin da ɗayanmu ya yi tafiya mukan musanya tsohon filashi da sabo. Ni ma ina riƙe da nasa. Google yana da tsarin da mutum zai zaɓi waɗanda za a bai wa damar bayanansa in asusun ya yi wata 3 ko 6 ko 12 ko 18 ba a taɓa shi ba. Apple ma yana da makamancin haka ga masu iPhone. Ba kowane sirri za a buɗe wa kowa ba, amma abin da ya shafi lafiya da dukiya da bashi bai kamata ya tsaya a kan mutum ɗaya ba.

In an riga an jiƙe

Ga wanda abin ya riga ya same shi, gaggawar kunna na'ura ita ke ƙarasa ta. Waya ko laftof da ta sha ruwa kada a kunna ta, kada a sa ta caji. A cire layi da memori, a cire batir in yana cirowa, a kai wa ƙwararre. Binne waya a shinkafa ba ya fitar da ruwan da ke ciki, kamfanin Apple ma ya gargaɗi mutane a kan haka. Sau da yawa ko laftof ta mutu, faifan cikinta yana nan da rai, mai gyara zai iya ciro shi ya karanta a wata kwamfutar, don haka kada a yi saurin sayar da ita ga 'yan gwangwan. Hotunan takarda da laka ta ɓata a ɗauraye su a hankali da ruwa mai tsabta, ba tare da gogewa ba, a shanya kowanne daban a inuwa, fuskarsa tana sama. Takardun da suka manne da juna kada a fizge su. Da zarar sun bushe a ɗauki hotonsu kafin su ƙara lalacewa.

Mu dai tsarinmu ba shi da wahala. Asabar ɗin farko ta kowane wata, bayan la'asar, yara sukan kawo duk sabuwar takardar da ta shigo gidan, sakamakon jarrabawa ne ko rasit ko katin asibiti, babbar ta ɗauki hoto, ni kuma in jona faifai. Sannan mu buɗe fayil biyu ko uku daga cikin tsofaffin don mu tabbatar suna buɗuwa, domin ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba zato ce kawai. Rabin sa'a ya ishe mu. A irin wannan zama ne yaran suka fara naɗar muryar kakarsu tana ba da labarin auren da da sunayen kakanninta, kuma yanzu wannan foldar ce suka fi so. Takardun asali kuma suna cikin leda mai zif a jaka ɗaya da ke rataye kusa da ƙofa, wadda kowa a gidan ya san ita ake fara ɗauka.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda duk wannan ya yi masa yawa, ya fara da abu ɗaya a daren yau: ya ɗauki hoton takardar maganin dattijon gidansu da katin rigakafin ƙaramin yaro, ya tura wa ɗan'uwa amintacce da ke wani gari. Sauran sai a bi su a hankali kafin damina ta kankama. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, Ya kiyaye mu da iyalanmu.